DARASIN MAKO: Cutar da ke saƙa kanta cikin jikin saniya da kaza, ba ta fita

Darasin yau yana da ɗan tsawo, a samu wuri a zauna.

Kwanakin baya wani ɗan uwa daga nan Fagge ya turo min hoton hantar kaza. Kajin ƙwai ne guda 200, sun kai mako 24, sun fara sakin ƙwai ke nan. Sai ya ga ana mutuwa ɗaya yau, ɗaya bayan kwana huɗu. Ba irin mutuwar da ke share keji cikin dare ɗaya ba ce, tsinta ce a hankali. Da ya fede ɗaya, hantar ta cika cikin kazar taf, ga wasu fararen ƙulle-ƙulle a jikinta kamar an yayyafa kitse. Ya ce ya ba da antibayotik kala uku, ya ba da maganin hanta, har da tafarnuwa da citta. Tambayarsa: wane magani ya rage?

Na ce masa hoto ba ya yanke hukunci, ya kai gawa wurin likitan dabbobi. Amma na ƙara masa da cewa in abin da nake zato ne, to ya daina kashe kuɗi a shagon magani, don ko ya zagaye Sabon Gari shago-shago ba zai samu ba. Ba wai maganin ya yi tsada ko ya yanke a kasuwa ba ne. Babu shi ne kwata-kwata, a nan ko a Turai. Dalilin da ya sa babu shi, shi ne darasinmu.

Zan fara ta kan shanu, duk da shafin namu na kaji da kifi ne. Da yawa cikinmu daga ribar ƙwai muke ɗaure sa ko saniya a bayan gida, kuma a jikin saniya labarin ya fi fitowa fili.

Akwai wata cuta ta shanu, sankarar jini, masana na kiran ƙwayarta BLV a taƙaice. Tun 1871 aka bayyana ciwon a Jamus, amma sai 1969 aka ga ƙwayar kanta, a Amurka, a aikin wata mai bincike Janice Miller da abokan aikinta. Bairos ce, daga dangin da ake kira retrobairos. Dangin su ɗaya da ƙwayar ƙanjamau, sai dai ba ita ba ce, kar wani ya tafi da wannan. 'Yar uwarta ta kusa a ɗan Adam ita ce HTLV-1.

Ga inda wannan dangi ya bambanta da sauran cututtuka. Kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin saniya tana ɗauke da DNA, wato rubutaccen tsarin gadonta: launinta, ƙahonta, yawan nononta, duk a nan suke. Yawancin cututtukan da muka sani kamar datti ne a jikin riga. Sun shiga, sun yi ɓarna, jiki ya yaƙe su ko magani ya taimaka, a wanke su fita. Ita retrobairos kuwa ba datti ba ce. Ka ɗauka an zare maka zare ɗaya baƙo an saƙa shi cikin shaddarka tun daga masaƙa. Wane sabulu ne zai fitar da shi? Sai dai ka yaga shaddar.

Yadda take yi shi ne, ita bairos ɗin da RNA take zuwa. Da ta shiga farar ƙwayar jini, irin wadda ake kira B, sai ta yi amfani da wani sinadari nata ta juya RNA ɗin ya koma DNA, sannan wani sinadarin ya yanka DNA ɗin saniyar ya dasa nata a tsakiya ya ɗinke. Shi ke nan. Daga ranar, duk lokacin da ƙwayar jinin ta rabu biyu, da baƙon zaren take rabuwa. Wannan juyin na RNA zuwa DNA, Howard Temin da David Baltimore ne suka gano sinadarinsa a 1970, suka samu kyautar Nobel a 1975. Ku riƙe wannan, don ɗaya daga cikin ƙwayoyin da aka yi aikin da su ta kaza ce.

Gaba ɗaya rubutun BLV bai wuce haruffa 8,700 da 'yan kai ba. Na saniya kuwa ya kusa biliyan 3. Ka ga ɗan ƙaramin abu ne, amma an tsara shi tsaf. Akwai sashen gag, mai gina ƙwanson bairos ɗin. Akwai pol, mai ɗauke da kayan juyi da na ɗinki da na faɗa. Akwai env, mai yin rigar waje, inda wani furotin gp51 yake, shi ne mabuɗin da take buɗe ƙwayar jini da shi, kuma shi garkuwar jiki ke gani. Waɗannan ukun duk retrobairos na da su. Abin da BLV ta ƙara shi ne tax da rex da wasu ƙanana. Shi tax ɗin nan shi ne ɗan ziga. Shi ke kunna bairos ɗin, kuma shi ke tunzura ƙwayar jinin ta yi ta rabuwa ba tsayawa.

Wayonta kuma a nan yake: bayan ta zauna, sai ta yi lamo. Ba ta cika fitar da sababbin bairos a cikin jini ba, don kar garkuwar jiki ta gan ta. Sai ta bar ƙwayar jinin da ta kama ta riƙa hayayyafa, ita tana ciki a kwance. Wannan ya haifar da abu biyu. Na farko, ba ta yawan canza kama kamar murar tsuntsaye, don ba ita ke kwafar kanta ba, jikin saniya ne ke kwafarta, kuma jiki ba ya yawan kuskure a kwafi. Masana sun duba sashen env sun kasa ta gida-gida sama da 10. Gida na 1 shi ya fi yaɗuwa a duniya, na 9 an same shi a Bolibiya, na 10 a Tailan da Myanmar. Bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne, amfaninsa ya fi yawa wajen bin sawu, a gane daga wace ƙasa cutar ta biyo shanun da aka sayo. Mai saniya biyu a Fagge ba ruwansa da ko gida na nawa ne, gwajin jini ɗaya ne ke nuna su.

Abu na biyu shi ya fi shafarmu. Tunda bairos ɗin a cikin ƙwayar jini take zaune, ba a iska ba, to hanyarta jini ce. Allura ɗaya da aka bi garke da ita. Askar da aka tsaga kunnen wannan aka tsaga na waccan. Abin yanke ƙaho, abin dandaƙa, safar hannun da aka duba ciki da ita ba a canza ba. Ɗigon da ido ba ya gani ma ya isa. Ƙudaje masu cizo irin su bobuwa su ma suna ɗauka daga wannan zuwa waccan in shanu sun cunkushe. Ɗan maraƙi kan iya samu ta nono, ko tun yana ciki, amma wannan kaso ne ƙarami. Wallahi abin da na fi gani da idona shi ne allurar. Mutum zai sayi sa na dubban ɗaruruwa a Wudil ranar Juma'a, sannan ya ƙi sayen sabuwar allura, ya bar mai yawo da jaka ya soka masa wadda ta fito daga gidaje biyar.

Cikin shanu 100 da suka kamu, wajen 70 ba za ka ga komai a jikinsu ba har su mutu ko a yanka su. Wajen 30 fararen ƙwayoyin jininsu za su yi yawa fiye da ƙima, su ne suka fi yaɗa ta. Ƙasa da 5 ne ke kaiwa ga sankara, kuma sai saniya ta manyanta, galibi ta wuce shekara 4. A lokacin za ka ga kaluluwa ta kumbura a gaban kafaɗa da gaban cinya, rama, nono ya ragu, wani lokaci ido ya firfito, wani lokaci ƙafafun baya su mutu saboda ƙari ya danne laka. Wata ba a sani sai a mayanka, kamar babbar mayankarmu ta nan Fagge, in mai duba nama ya ga ƙari a zuciya ko a tumbi. Sai dai a kula, kaluluwa da rama ba ita kaɗai ke kawo su ba, sammore da tarin fuka ma suna yi. Kar a ga kumburi a ce an gano.

Ra'ayina a nan: mai turkar sa na wata huɗu ko shida don Sallah, kar wannan ya hana shi barci, san zai bar gidan tun kafin cutar ta yi wani abu. Wanda ya kamata ya buɗe ido shi ne mai saniyar nono, musamman masu sayen ruwa-biyun Firisiyan da tsada da niyyar su shekara takwas suna tatsa. A manyan gonakin madara cutar ta fi samun gindin zama. A Amurka, ƙididdigar hukumar aikin gona ta 2007 ta nuna sama da kashi 80 cikin 100 na garkunan madara akwai ta. Ƙasashen yammacin Turai kuwa da yawansu sun raba kansu da ita, kuma ba da magani ba, ba da rigakafi ba. Gwaji suka yi ta yi suna fitar da wadda ta kamu, shekara da shekaru. In za ka sayi irin wannan saniya, a yi mata gwajin jini. Nono kuma a tafasa shi kafin a sha, wannan ko don tarin fuka da bakkale ma ya wajaba.

Akwai wani abu mai daɗin ji a ɓangaren gado. Ba duk shanu ne cutar ke yi wa iri ɗaya ba. Wani sashe na DNA ɗin saniya mai suna BoLA-DRB3, wanda ke nuna wa garkuwar jiki baƙo, yana da nau'o'i da yawa. Saniyar da ta gaji wani nau'in, ko ta kamu, bairos ɗin ba ta yawa a jininta, kuma da wuya ta shafa wa wata. A Japan da Ajantina an yi aiki sosai a kan zaɓen shanu ta wannan hanya.

To mu dawo keji.

Kaza ma tana da tata retrobairos ɗin, ana ce mata ALV, ciwon kuma lukosis, wasu na ce masa ciwon babbar hanta. A gaskiya ta kaza ce ta fara buɗe wa duniya ido. A 1908 Ellermann da Bang a Kofanhagen suka nuna sankarar jinin kaza na iya bin ruwan da aka tace daga kaza zuwa kaza. A 1911 Peyton Rous a New York ya nuna haka da wani ƙari na ƙirjin kaza. Mutane ba su ɗauke shi da muhimmanci ba, sai 1966 aka ba shi Nobel, yana tsoho mai shekara 87. Ƙwayar Rous ɗin ce Temin ya yi aiki da ita.

ALV ta fi BLV sauƙin gini. Gag, pol, env, ba ta da tax. To ta yaya take kawo ƙari? Ta wurin da ta sauka. A bakin rubutunta, gaba da baya, akwai wani yanki mai aikin makunni. Takan shiga ƙwayoyin wata 'yar jaka da ke saman duburar kaza, wadda kuka sani, ita ce Gumboro ke lalatawa. In aka yi rashin sa'a ta dasa kanta kusa da wani sashe na DNA ɗin kazar mai suna c-myc, wanda ke ba ƙwayar halitta umarnin rabuwa, sai makunnin nata ya danne shi a kunne. Kamar famfon da kansa ya lalace. Daga jakar sai ƙarin ya bazu zuwa hanta, saifa da ƙoda.

Wannan yana ɗaukar lokaci, kuma nan ne ciwon yake ga aljihu. Da wuya ka ga lukosis kafin mako 14 zuwa 16, ya fi fitowa daidai lokacin fara ƙwai. Yi lissafi da kanka. Kazar ƙwai tana cin abinci kilo 6 zuwa 7 kafin ta kai mako 18. Kaji 200 sun cinye buhu 48 zuwa 56 na kilo 25 ke nan, ban da rigakafi, ban da gawayi ko kalanzir na ɗumama, ban da wahalarka. Sai ka gama zuba wannan duka sannan cutar da ka sayo a cikin kwali tun ranar farko ta ɗago kai.

Na ce a cikin kwali, don babbar hanyarta ƙwai ce. Uwar da ke ɗauke da ita tana zuba bairos ɗin cikin farin ƙwai, ɗan tsako ya ƙyanƙyashe da ita. Shi wannan ɗan tsakon, saboda tun kafin garkuwarsa ta san nata da baƙo bairos ɗin ke jikinsa, jikin ba ya yaƙarta sam. Yana ɗaukarta a matsayin 'yar gida. Zai yi ta zubar da ita a kashi da yawu har ƙarshen rayuwarsa, ya shafa wa na kusa da shi tun a kwali, kuma shi ya fi kowa kusa da yin ƙari. In mace ce ta girma, ita ma ta zuba wa nata ƙwan. Zakara yana iya kamuwa, amma ba ta wurinsa cutar ke shiga ƙwai ba, ta wurin uwa ce.

Mace-macen ƙari yawanci ba su da yawa, kaza 1 ko 2 cikin 100, ko da yake akan samu garken da asarar ta kai kashi 20 ko fiye. Ɓarnar da ba a gani ta fi. Wani bincike a Kanada wajen 1980 ya nuna kazar da ke ɗauke da ita, ko ba ta yi ƙari ba, tana gaza 'yar uwarta da ƙwai ashirin da wani abu zuwa talatin a zangon ƙwai ɗaya. Kusan kiret guda a kan kowace kaza. Ga jinkirin fara ƙwai, ga ƙananan ƙwai. Sai ka yi ta zargin mai abinci.

Ita ma an kasa ta gida-gida bisa rigar env: A, B, C, D, E, J. A da B su ne tsofaffin masu kawo babbar hanta a kajin ƙwai. J sabuwa ce, a Ingila aka fara gano ta a 1988 cikin kajin nama, ta kuma wahalar da manyan kamfanonin iri na duniya a shekarun 1990. Abin mamaki game da J, rigarta aro ta yi. Ta haɗu da wani tsohon guntun bairos da ke kwance cikin DNA ɗin kaza tun zamanin da, ta ɗauki env ɗinsa ta saka. Eh, kun ji daidai: kusan kowace kaza, har ta Hausa da ke tono a bayan gida, tana da guntayen retrobairos a cikin gadonta da ta gada kaka da kakanni. Gidan E ke nan da makamantansa, galibi ba sa cutarwa. Kajin nan ma masu shuɗin ƙwai na Chile da China, wani guntun bairos ne da ya sauka kusa da sashen launi ya mayar da ɓawon shuɗi. Ikon Allah.

Yanzu abin da ke rikita mutane: Marek. Ita ma tana sa ƙari a hanta, da ido ba lallai ka bambance ba. Amma Marek ba retrobairos ba ce, ba ta bin ƙwai, ta ƙurar gashi take yaɗuwa, tana iya fitowa tun kaji na 'yan makonni, tana kama jijiya ka ga kaza ta baje ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, wani lokaci ido ya koma toka-toka. Kuma tana da rigakafi, wanda ake yi ranar ƙyanƙyasa. Lukosis ba ta shanye ƙafa haka, sai dai zanko ya koɗe ya yamutse, ciki ya yi girma, ƙirji ya rame. Don haka in mai kawo maka tsaki ya ce "an yi musu Marek", ya faɗi abu mai kyau, amma bai amsa maganar lukosis ba. Ita ba allurar da ake yi mata. Kamfanin kirki iyayen yake gwadawa, ya duba farin ƙwai da dubura yana neman wani furotin p27, ya fitar da duk uwar da ta nuna. Haka aka tsabtace manyan layukan iri.

Mu nan Kano yawancin tsakinmu daga kudu suke zuwa, musamman wajen Ibadan, su kwana a mota, a sauke da safe, su bi hannun dillali biyu ko uku kafin su iso ka. Ni ba na ganin laifin dillanci, sana'a ce. Abin da nake ƙi shi ne kwalin da ba suna, ko kwali mai suna amma an sake zuba wasu tsakin a ciki. In ka ji farashi ya faɗo ƙasa da na kowa sosai, tambayi kanka wa ya biya kuɗin gwajin iyayen. Ka nemi sunan kamfani da ranar ƙyanƙyasa, ka karɓi rasit, ka rubuta a littafinka. Ranar da matsala ta fito bayan wata biyar, wannan takardar ce kaɗai za ta nuna inda aka faro. Masu shirin fara ƙwai da ake sayarwa a mako 14 ko 16 ma haka, ka san a daidai shekarun da cutar ke ɓoye ka saye su.

Sai masu ƙaramin injin ƙyanƙyasa, waɗanda suka yawaita yanzu a unguwanni. Ku ne maganar ta fi shafa. Ana tattaro ƙwai daga gida goma, na kajin Hausa, na ruwa-biyu, na tsofaffin kajin ƙwai da aka sayo a kasuwar kaji ta Sabon Gari aka haɗa da zakara, a zuba a inji ɗaya. Uwa ɗaya mai ɗauke da ita ta isa ta ba ka tsakin da za su shafa wa sauran a cikin tire. In ka taɓa fede kaza a garkenka ka ga irin wannan hanta, kuma likita ya tabbatar, kar ka ƙara ɗaukar ƙwan garken nan ka ƙyanƙyashe, kar ka sayar wa wani a matsayin ƙwan iri. Na ci ne kawai. Ba a san wannan bairos da kama mutum ba, amma kazar da ta yi ƙari ba ta sayarwa ba ce, a binne ta da zurfi ko a ƙone.

Sauƙin da Allah ya kawo shi ne, a wajen jiki ba ta da ƙarfi. Sa'o'i kaɗan take yi ta mutu, zafi da sabulu da maganin feshi na yau da kullum suna kashe ta. In garke ya ƙare, ka kwashe, ka wanke, ka fesa, ka bar ɗakin ya huta mako biyu, ka wanke injin tsakanin kowane zubi, kuma kar ka haɗa sababbin tsaki da manya. Masu kifi zalla, wannan ba ta shiga tarwaɗa, sai dai masu jefa matattun kaji a kududdufi su daina, don wasu dalilan da za mu zo kansu a darasin ruwa.

Shi ɗan uwan namu na Fagge, abin da na ce ya yi shi ne ya ware duk wadda zankonta ya koɗe, ya ci gaba da karɓar ƙwan sauran, ya daina antibayotik, ya kai samfur. Ga yadda ake kaiwa, don da yawa suna ɓata shi tun a gida: kaza mai rai da ke cikin ciwon ta fi, ko wadda ta mutu cikin 'yan sa'o'i. A sa a leda biyu, a ɗora a kula da ƙanƙara a gefe. Kar a saka a firiza ta daskare, daskarewa na farfasa naman, mai duba shi a madubin likita ba zai ga abin da yake nema ba. A tafi da littafin garke: shekarunsu, inda aka sayo, rigakafin da aka yi, da adadin da suka mutu kowane mako. Likitan dabbobi na kusa zai fede, in ana buƙatar gwajin da ya wuce nan ya tura asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya ko cibiyar Vom ta jihar Filato.

Mako mai zuwa in sha Allahu za mu ɗauki Marek ita kaɗai, da yadda za ka gane ko rigakafin ranar farko ya lalace a hanya.